Kundin ci gaban aiki: darasin tafiyar da lafiyar al'umma a digiri na biyu, Damagaram

14 ga Oktoba, 2024

Kwamitin tsara karatu na sashenmu ya amince yau da a ƙara sabon darasi a shekara ta biyu ta masu karatun shugabancin asibitoci da cibiyoyin lafiya, kuma an ɗora mini nauyin shirya shi tare da abokan aiki biyu, ɗaya malamin ƙididdiga ne, ɗaya kuma Hajiya ce da ta daɗe tana shugabantar gundumar lafiya kafin ta yi ritaya. Ɗalibanmu ba yara ba ne. Akwai likitoci a cikinsu, akwai majo-majo, wato manyan ma'aikatan jinya, da suka riƙe CSI (cibiyoyin lafiya na matakin farko) shekara da shekaru, akwai ungozomomi, akwai kuma masu riƙe da kuɗi da kayan asibiti. Abin da muke koya musu zuwa yanzu shi ne kasafin kuɗi, da tafiyar da ma'aikata, da ajiyar magani, da dokokin aiki, kuma duk wannan yana farawa ne daga lokacin da mara lafiya ya shigo ƙofa. Sabon darasin zai ɗauki ɗalibi ya fitar da shi waje, ya nuna masa cewa matar da ta haihu a gida a wani ƙauye mai nisan kilomita goma sha biyu, da yaron da aka yi wa allurar rigakafi sau ɗaya ba a sake ganinsa ba, da dattijon da hawan jini ke ci bai sani ba, dukansu suna wuyansa, ko da sunayensu ba su taɓa shiga rajistarsa ba.

4 ga Nuwamba, 2024

Na ƙare karanta yadda ake koyar da wannan fanni a jami'o'in Amurka, inda ya fi samun gindin zama a karatun shugabannin asibitoci. A 2003 David Kindig da Greg Stoddart suka bayyana lafiyar al'umma a matsayin sakamakon lafiyar wani rukunin mutane, haɗe da yadda sakamakon ya rarrabu a tsakaninsu, wato ba a tsayawa ga matsakaicin adadi sai an duba wa ya amfana, wa aka bari a baya. A 2008 Donald Berwick da abokan aikinsa suka fito da manufofi uku da ake son cimmawa tare: kyautata kulawar da mutum ke samu, inganta lafiyar jama'a, da rage abin da ake kashewa a kan kowane mutum. Daga baya dokar inshorar lafiya ta 2010, ta zamanin Obama, ta buɗe hanyar da ƙungiyoyin asibitoci da likitoci za su sami rabo daga kuɗin da suka tanada idan mutanen da ke hannunsu suka zauna lafiya. Wannan ne ya sa makarantunsu suka karɓi darasin hannu bibbiyu, domin shugaban asibiti a can ya wayi gari yana da riba a cikin hana mutum kwanciya.

Tushen namu daban ne, kuma ya girmi nasu. Taron Alma-Ata na 1978 ya kafa kiwon lafiya matakin farko, taron Harare na 1987 ya ɗora tsarin a kan gundumar lafiya, shirin Bamako na wannan shekarar kuma ya shigo da al'umma cikin tafiyar da cibiyoyinta. Saboda haka kowace CSI a Nijar tana da yankin da aka shata mata da ƙauyukansa, yayin da asibitin Amurka yake sanin mutanensa ta jerin sunayen kamfanin inshora. Na gaya wa abokan aikina cewa za mu ari dabarun lissafinsu da na rarraba mutane gwargwadon haɗari, amma misalan aji duka za su fito daga jihar Damagaram. Hajiya ta goyi baya, ta ƙara da cewa a gundumar da ta riƙe ta ga ma'aikata masu himma da yawa waɗanda ba a taɓa nuna musu yadda ake karanta alƙaluman da suke cikewa da hannunsu kowane wata ba.

2 ga Disamba, 2024

Mun daɗe a kan babi na farko fiye da yadda muka tsara, kuma ya cancanci haka. Batunsa shi ne: mutane nawa ne a yankinka? Duk wani kaso da shugaba zai rubuta a rahoto, na rigakafi ko na awon ciki ko na haihuwa a hannun ma'aikaci, yana rataye ne a kan wannan adadin da ake rabawa da shi. Ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da miliyan 17 a Nijar, kusan miliyan uku da rabi daga cikinsu a jihar Damagaram, wadda ta fi kowace jiha jama'a, kuma an ƙiyasta ƙaruwar al'umma da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Adadin da ake ba kowace CSI a yau ƙiyasi ne da aka gina a kan waccan ƙidaya, ana ƙara masa kaso shekara bayan shekara, kamar dai kowane gari yana girma da gudu ɗaya.

A zahiri ba haka abin yake ba. A Magarya da Dungas da Matamaye iyaka ba ta hana uwa kawo ɗanta daga ƙauyukan Jigawa ko Katsina idan cibiyar wannan ɓangaren ta fi mata kusa, sai ka ga rahoto yana cewa an yi wa yara kashi ɗari da goma sha biyar cikin ɗari rigakafi, shugaba ya yi murna, alhali a wata unguwar cikin yankin nasa ba a kai ga rabi ba. A ƙasar Kance mata da yara kan fita ci-rani har Aljeriya, maza kuma suna tafiya Kano ko Libiya bayan girbi, saboda haka gari ɗaya yana da jama'a iri biyu, ta damina da ta rani. A Tasker da arewacin Tanut da Gure makiyaya suna bin ruwa da ciyawa, ba a ƙirga su da taswirar ƙauyuka. Malamin ƙididdiga ya shirya aikin aji inda ɗalibi zai ɗauki adadin hukuma, ya gwada shi da yawan yaran da aka samu a kamfen ɗin shan inna na gida-gida, da kuma ƙidayar da ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka suka yi, sa'an nan ya rubuta shafi ɗaya yana kare adadin da zai yi aiki da shi. Ba za mu ba da maki a kan dacewa da wata amsa ba, za mu ba da shi ne a kan ƙarfin hujja.

20 ga Janairu, 2025

An fara karatu. Da yake muna cikin hunturu, lokacin da sanƙarau ke fara ɗaga kai, na soma da shi. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutane 559 da suka kamu a wannan jiha, 18 suka rasu, kuma wasu daga cikin ɗaliban suna bakin aiki a lokacin. Ƙa'idar ita ce a yankin da ke da mutane dubu talatin zuwa dubu ɗari, idan aka samu uku cikin kowane dubu ɗari a mako an kai matakin faɗakarwa, idan aka samu goma an shiga annoba. Na ba su misalin yanki mai mutane dubu sittin da ya samu marasa lafiya shida a mako guda, suka lissafa suka ga ya kai goma cif. Sa'an nan na ce su haɗa wannan yankin cikin gunduma mai mutane dubu ɗari shida wadda ba ta da wani mara lafiya a sauran wurare, sai adadin ya faɗo zuwa ɗaya, annobar ta ɓace a takarda tana nan a ƙasa. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, daga nan wani likita ya ce, "Malam, ke nan rahoton gunduma yana iya ɓoye mana gobara a CSI guda." Abin da nake so su kama ke nan a makon farko. Mako mai zuwa za mu duba mashaƙon da ya ɓulla a Matamaye a 2023, wanda yake nuna abin da ke faruwa idan giɓin rigakafi ya taru shekara da shekaru.

17 ga Fabrairu, 2025

Mun kai ɗalibai wata CSI ta karkara da izinin hukumar gunduma. Majo ya fito mana da rajistar rigakafi, babban littafi mai bangon da ya sha hannu har gefensa ya yi laushi, kowane layi yaro ne da sunan mahaifiyarsa da ƙauyensu, a gaba kuma gurabe ne na allurar penta (mai kariya daga cututtuka biyar) ta mako shida, da ta mako goma, da ta mako goma sha huɗu. Wata ungozoma cikin ɗalibai ta ɗora yatsa a kan gurbi na uku tana gangarowa shafi bayan shafi, duk inda ta tarar da shi fayau sai ta faɗi sunan ƙauyen, abokin karatunta yana yin zane a takarda. Kafin la'asar zanen ya taru a kan ƙauyuka uku, kuma da aka duba taswirar da ke manne a bango, ukun duka suna hayin wani kwari, a tazarar da ta wuce kilomita biyar, inda tsari ya ce ma'aikaci ne zai je wurin mutane a kan babur. Bambancin allura ta farko da ta uku, idan aka raba shi da adadin ta farko, shi ne ma'aunin yaran da suka zube a hanya, kuma idan ya haura kashi goma cikin ɗari ana ɗaukar cewa akwai matsala.

Majo bai yi mamaki ba. Ya ce, "Malam, na san garuruwan nan, amma man babur ɗin wata uku ke nan bai isa fita biyu a wata ba." Ɗalibar ta tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa kai wannan lissafin gaban kwamitin tafiyar da cibiyar, ya ce abin da ake tambayarsa a taro shi ne kuɗin da ya shigo da maganin da ya rage. Na roƙi ɗaliban su riƙe wannan amsar, domin su ne gobe za su zauna a kujerar mai yin tambaya, kuma ma'aikaci yakan tattara abin da ya san za a tambaye shi ne.

Rahoton wata-wata na cibiyar yana shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira wadda ma'aikatar lafiya ke tattara alƙaluma da ita, sai dai manhajar tana karɓar jimla ne, sunayen ƙauyuka uku na hayin kwari suna nan a littafi kawai. Mun yanke cewa kowane ɗalibi zai koyi aiki da duka biyun.

7 ga Afrilu, 2025

An dawo daga hutun sallah da zafi mai tsanani, kuma ɗaukewar wuta da raunin intanet sun sa mun mayar da ayyukan aji zuwa teburan alƙaluma da aka riga aka sauke da kuma takardu bugaggu. Wannan bai rage komai ba, domin haka yawancinsu za su yi aiki a gundumominsu.

Babin kuɗi ya jawo muhawara a kwamiti. Wani abokin aiki mai koyar da lissafin kuɗin asibiti ya ce sa'o'in da muke nema za a zaftare su ne daga darasinsa, kuma shugaban asibitin da bai iya daidaita littafin kuɗi ba ba zai amfani kowa ba, komai yawan taswirar da ya iya zanawa. Maganarsa tana da nauyi. Na amsa cewa kuɗin ma ba a fahimtarsa sai ta wannan hanyar. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu awon ciki biyan kuɗi, haka nan tiyatar haihuwa, a bisa cewa cibiya za ta yi aikin sa'an nan gwamnati ta biya ta, kuma sanannen abu ne cewa jinkirin biyan ya daɗe yana takura wa cibiyoyi wajen sayen magani. Cibiyar da ke rayuwa da kuɗin manya masu zuwa neman magani ba ta samun ko dala idan ta tura ma'aikaci hayin kwari ya yi rigakafi, man babur ma daga aljihunta zai fita. Shugaban da ba a koya wa ganin wannan saɓanin ba zai riƙa zargin ma'aikata da lalaci a inda tsarin biya ne ya ɗaure musu ƙafa. Mun daidaita a kan cewa shi da kansa zai koyar da zama biyu a cikin darasinmu, inda ɗalibai za su kwatanta kuɗin fita rigakafi na shekara da kuɗin kwantar da yara masu ƙyanda ko tamowa mai tsanani a CRENI, wato sashen jinyar yara masu tamowa, ta amfani da farashin gundumominsu na gaske.

12 ga Mayu, 2025

Wannan makon na rarraba jama'a ne gwargwadon haɗari. Littattafan Turai da Amurka suna zana dala mai hawa uku, a sama ƙalilan masu cuta mai rikitarwa da ke cinye mafi yawan kuɗi, a tsakiya masu ciwon da ake iya sarrafawa, a ƙasa kuma jama'a masu lafiya da ke bukatar kariya. Na haɗa musu wannan da hujjar Geoffrey Rose ta 1985, cewa mutane masu yawa da ke da ɗan ƙaramin haɗari sukan samar da marasa lafiya fiye da ƙalilan masu babban haɗari, don haka wanda ya tsaya ga na saman dala kaɗai ba zai ga raguwar layin asibiti ba. Mun gwada da hawan jini da ciwon sukari a unguwannin birni kamar Birni da Zango da Sabon Gari, inda mutane da dama ba sa sanin jininsu ya wuce 14 bisa 9 (wato 140 bisa 90) sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Misali mafi ƙarfi dai na gida ne. A gundumar Mirriya, a yankunan Dogo da Takeita, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun gwada tsakanin 2013 da 2014 ko uwa za ta iya auna damtsen ɗanta da kanta, kuma aka samu cewa iyaye mata ba su gaza ma'aikatan sa-kai ba wajen gano tamowa. Na kawo zaren awon aji, na ba kowa ya riƙe: ja ƙasa da milimita 115, rawaya daga nan zuwa 125, kore abin da ya haura. Wannan ɗan zaren ya mayar da kowane ɗaki wurin tantancewa, kuma dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa daga nan ƙasarmu. Haka makarantun mazaje, waɗanda aka fara a wannan jiha da tallafin UNFPA, asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta masu mutunci a gari suke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti su kuma shawo kan ƴan uwansu maza, tun da a gidaje da yawa izinin fita a hannun miji yake. Ina son ɗalibi ya fita daga ajin nan yana sanin cewa mai gari da liman da ungozomar gargajiya suna cikin kayan aikinsa, kuma zama da su aiki ne da ake sa wa rana a jadawali.

21 ga Yuli, 2025

Jarrabawar ƙarshe ba za ta zama ta zaure ba. Kwamiti ya amince kowane rukuni ya bi kamfen ɗin maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina a yanki guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan dabara a 2012 don ƙasashen Sahel, kuma ana ba yara daga wata uku zuwa wata 59 magani sau ɗaya a wata a tsawon damina. A rana ta farko mai rabawa ne yake ba yaro ƙwayoyi biyu a gabansa, sauran na kwana biyu kuma a bar wa uwa ta bayar a gida. Rahoton kamfen yana ƙirga fakitin da aka raba ne, kuma a nan tambayarmu take: yara nawa ne suka shanye na kwana ukun?

Ɗaliban za su yi amfani da hanyar zaɓen gidaje goma sha tara a kowane ɓangare na yanki, wadda ba ta ba da kaso daidai amma tana nuna ɓangaren da ya gaza ma'aunin da aka sa. Hajiya ta nace cewa kada su shiga gida sai da rakiyar mace daga garin, kuma su nemi ganin katin yaro da fankon fakitin kafin su rubuta komai, domin uwa mai kunya za ta ce an sha don kada ta ba baƙo kunya. An cire sunayen yara da na iyaye daga takardar tambayoyi, lambar gida kawai za a rubuta.

8 ga Satumba, 2025

Rukunoni sun dawo daga zagaye na biyu, rahotanninsu na wucin gadi suna hannuna. Abin da ya fi maimaituwa a cikinsu shi ne gidajen da masu rabawa suka tarar a rufe saboda uwa tana gona da yaron a bayanta, da kuma iyayen da suka ajiye ƙwayoyin kwana na biyu da na uku don ranar da zazzaɓi zai zo, bisa tunanin cewa ba a ba mai lafiya magani. Rukuni ɗaya ya riga ya kai wa hukumar gundumarsa shawarar a fara rabon da sassafe ko a koma da yamma a ƙauyukan noma, kuma an karɓa za a gwada a zagaye na uku. Wani rukunin kuma ya rubuta rahoto mai tsawo cike da tebura ba tare da faɗin wanda zai yi me, da wane kuɗi, zuwa wace rana ba, don haka na mayar musu da shi, tun da shugabanni muke horarwa, kuma dole aikinsu ya ƙare a kan shawarar da za a iya zartarwa.

Abubuwa uku suka rage kafin sabuwar shekarar karatu. Babin makiyaya yana da rauni, domin babu ko ɗaya cikinmu da ya yi aiki mai tsawo a Tasker ko Balbeji, kuma Hajiya ta ɗauki nauyin nemo mana ma'aikacin da ya jagoranci fita rigakafi da mota a can, wanda ya san yadda ake haɗa ranar allurar dabbobi da ta yara. Malamin ƙididdiga yana shirya ɗan littafin ayyuka da ba ya bukatar intanet. Ni kuma zan rubuta wa hukumomin gundumomin da suka karɓi ɗalibanmu in nemi su ba mu alƙaluman zagaye na uku da na huɗu idan sun kammala a Oktoba, domin mu ga ko sauya lokacin rabo ya rage yawan gidajen da ake tararwa a rufe, kuma kwamiti zai zauna a kan sakamakon a farkon Nuwamba.